Jesse Leroy Brown: Ɗan manomin auduga da ya buɗe wa baƙaƙen fata ƙofar tuƙin jiragen yaƙin sojin ruwan Amurka

Jesse Leroy Brown shi ne baƙar fata na farko da ya kammala horon tuƙin jiragen yaƙi na rundunar sojin ruwan Amurka tun daga matakin farko har zuwa ƙarshe, kuma shi ne baƙar fata na farko cikin hafsoshin rundunar da ya rasa ransa a Yaƙin Koriya. Shekara 24 kacal ya yi a duniya, kuma tsakanin ranar da aka liƙa masa bajen matuƙi da ranar da jirginsa ya faɗi a tsaunukan Koriya ta Arewa, shekara biyu ne da 'yan makonni. Duk da haka an raɗa wa jirgin ruwan yaƙi sunansa, an rubuta littattafai a kansa, an shirya fim, kuma har yau gawarsa ba ta koma gida ba.

Asali da tasowa

An haife shi ranar 13 ga Oktoban 1926 a garin Hattiesburg da ke jihar Mississippi, a kudancin Amurka. Mahaifinsa, John Brown, ma'aikaci ne a wani rumbun ajiye kayan masarufi, mahaifiyarsa Julia kuwa malamar makaranta ce. Su shida ne a gidan. Lokacin da tattalin arzikin duniya ya karye a farkon shekarun 1930, mahaifin ya rasa aikinsa, bayan wasu shekaru kuma dole iyalin suka koma wani ƙauye mai suna Lux, inda suka shiga noman gonar wani.

Tsarin noman da ake yi a kudancin Amurka a wancan zamani shi ne mai ƙasa ya ba talaka fili da iri da kayan aiki bashi, idan kaka ta yi a raba amfanin gona, sannan a cire bashin daga kason manomin. Sau da yawa lissafin yana hannun mai ƙasa, don haka manomi kan wayi gari bashin bana ya hau kan na bara. A cikin wannan hali Jesse ya tashi, yana tsinkar auduga tare da 'yan'uwansa, yana tafiyar kusan kilomita biyar a ƙasa zuwa makaranta mai aji ɗaya. Gidansu gida ne na mabiya ɗarikar Baptist masu riƙo da ibada, kuma iyayen ba su wasa da batun karatu.

Mississippi ta lokacin tana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata da aka fi sani da Jim Crow. Makarantu daban, wuraren cin abinci daban, kujerun mota daban, kuma an toshe wa mafi yawan baƙaƙen fata hanyar kaɗa ƙuri'a ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Yaron da ya taso a irin wannan wuri, abin da ake sa ran zai zama bai wuce manomi ko ɗan dako ba, idan ya yi sa'a ya zama malami ko mai wa'azi.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya kai shi kallon wasan jiragen sama, kuma tun daga ranar sha'awar tuƙi ta shiga ransa. Da ya ƙara girma sai ya kama sayar da jaridar Pittsburgh Courier, wadda baƙaƙen fata ke bugawa, inda ya riƙa karanta labarin 'yan tsirarun baƙaƙen da suka koyi tuƙin jirgi. A 1937, bai fi shekara 11 ba, ya rubuta wa Shugaba Franklin Roosevelt wasiƙa yana ƙorafi a kan yadda aka hana baƙaƙen fata shiga sashen jiragen sama na sojin ƙasar. Fadar White House ta ba shi amsa ta ladabi, amma ba abin da ya sauya a lokacin.

Domin samun ingantacciyar makaranta, ya koma Hattiesburg ya zauna a gidan wata 'yar'uwar iyayensa, ya shiga sakandaren Eureka ta baƙaƙen fata. Ya yi fice a lissafi da wasannin guje-guje, ya kammala a 1944 a matsayi na biyu a ajinsu. A nan ne kuma ya haɗu da Daisy Pearl Nix, wadda daga baya ta zama matarsa.

Jami'a da aikin dare

An shawarce shi ya nemi ɗaya daga cikin kwalejojin baƙaƙen fata, amma ya zaɓi Jami'ar Jihar Ohio da ke birnin Columbus, inda gwarzonsa Jesse Owens, wanda ya ci lambobin zinare huɗu a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, ya yi karatu. Ya shiga sashen injiniyan gine-gine a 1944. Babu mai ɗaukar nauyinsa, don haka ya riƙa lodin kaya a taragon jirgin ƙasa na kamfanin Pennsylvania Railroad daga yamma har tsakar dare, da safe kuma ya shiga aji. Ya kuma yi aikin shara a wani babban kanti. Ya nemi shiga shirin koyon tuƙin jirgi na jami'ar ba sau ɗaya ba, ana mayar da shi saboda launin fatarsa.

Don a fahimci nauyin abin da ya sa a gaba, sai a dubi yadda rundunar sojin ruwan take a lokacin. Har zuwa 1942, aikin da ake ɗaukar baƙar fata a cikinta shi ne girki da hidimar teburin hafsoshi. Sai a watan Maris na 1944 aka ba rukunin farko na baƙaƙen fata 13 muƙamin hafsa. Rundunar sojin ƙasa ta riga ta fara horar da baƙaƙen matuƙa a Tuskegee tun 1941, a runduna ta daban, amma sojin ruwa ba ta da irin wannan shiri. An samu wani mai suna Oscar Holmes da aka ba shi matsayin matuƙin sojin ruwa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai dai shi ya zo ne da ƙwarewar tuƙi daga waje, bai bi ta cikin horon farko na rundunar ba. Wannan horon ne babu baƙar fatan da ya taɓa ratsa shi.

A shekararsa ta biyu a jami'a, Brown ya samu labarin shirin V-5, wanda rundunar ke ɗaukar ɗaliban jami'a tana horar da su su zama matuƙa. Jami'an ɗaukar ma'aikata sun yi ta jan ƙafa, suna nuna masa ba wurinsa ba ne. A rubuce babu dokar da ta hana shi, abin da ke akwai al'ada ce da son zuciyar masu riƙe da ofis. Ya yi ta komawa har aka bar shi ya zauna jarrabawa, ya kuma ci. Ranar 8 ga Yulin 1946 ya shiga rundunar sojin ruwa ta ko-ta-kwana, aka fara biyansa alawus na dala 50 a wata, abin da ya ba shi damar ajiye aikin dare.

Horo da auren ɓoye

A watan Maris na 1947 ya isa sansanin Glenview da ke jihar Illinois domin zagayen tantancewa, inda ya fara tashi da ƙaramin jirgin koyo samfurin Stearman. Shi kaɗai ne baƙar fata a cikin ɗaliban. Daga can aka wuce da su Ottumwa a jihar Iowa domin horon motsa jiki da darussan aji, sannan a watan Oktoba aka tura su Pensacola a jihar Florida, cibiyar koyar da matuƙan sojin ruwa.

Komawa kudu na nufin komawa cikin wariya. A Pensacola ya fuskanci cin mutunci a fili daga wasu malamai da abokan karatu, a wajen sansani kuwa dokokin Jim Crow na nan daram ko da mutum na sanye da kakin soja. Ya san cewa kuskure ɗaya ko fushi ɗaya ya isa a sallame shi, kuma sallamarsa za ta zama hujja ga masu cewa baƙar fata ba zai iya ba. Saboda haka ya zaɓi haƙuri da mayar da hankali kan aiki.

Akwai kuma wani sirri da yake ɗauke da shi. Dokar shirin ta haramta wa ɗalibi yin aure kafin ya gama horo, kuma hukuncin wanda aka kama shi ne kora nan take. Duk da haka, ranar 4 ga Oktoban 1947 ya auri Daisy a ɓoye. Ta kama ɗaki a unguwar baƙaƙen fata a Pensacola, yana zuwa wurinta a ƙarshen mako. Sama da shekara guda suka yi a haka ba tare da asirin ya tonu ba.

Jarrabawa mafi wuya ga matuƙin sojin ruwa ita ce sauka a kan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi. Filin saukar gajere ne, yana tafiya, yana kuma tangaɗi da igiyar ruwa. A wutsiyar jirgin sama akwai ƙugiya da dole ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe da aka shimfiɗa a kan dandamalin, yayin da wani jami'i ke tsaye a gefe da faifai biyu a hannu yana nuna wa matuƙi ya ɗaga, ko ya sauko, ko ya fasa. A jiragen wancan zamani dandamalin miƙaƙƙe ne, kuma a gabansa akwai wasu jiragen a jere, don haka wanda ƙugiyarsa ta kuskure sai ya afka wa shingen kariya. Brown ya ci wannan jarrabawa a kan jirgin USS Wright a tsakiyar 1948, sannan ya ƙarasa horonsa a Jacksonville.

Ranar 26 ga Yulin 1948 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9981, wanda ya wajabta daidaito tsakanin sojoji ba tare da la'akari da launi ko addini ko asali ba. Bayan wata uku, ranar 21 ga Oktoban 1948, aka liƙa wa Brown bajen zinare na matuƙin sojin ruwa. Kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da labarinsa, mujallar Life ta buga hotonsa. A watan Disamba aka haifa masa 'ya mace, a watan Afrilun 1949 kuma aka ba shi muƙamin ensin, wato matakin farko na hafsan sojin ruwa.

A kan jirgin Leyte

An tura shi runduna ta 32 ta jiragen yaƙi, wadda ke da mazauni a Quonset Point a jihar Rhode Island kuma take aiki a kan jirgin dakon jirage USS Leyte, mai tsawon kimanin mita 270. Da farko sun yi amfani da jirgi samfurin Bearcat, daga baya aka sauya musu da Corsair. Shi Corsair jirgi ne mai farfela, mai lanƙwasassun fukafukai da dogon hanci, da inji mai ƙarfin doki sama da 2,000. Tsawon hancin nasa yana tare wa matuƙi gani a lokacin sauka, abin da ya jawo haɗurra da dama har matuƙa suka laƙaba masa suna mai nuni da cewa yana cinye sababbin hafsoshi.

A wannan runduna Brown ya samu karɓuwa fiye da yadda ya samu a lokacin horo. An san shi da natsuwa da ƙarancin magana da riƙo da addini, kuma ƙwarewarsa ta sa aka ba shi jagorancin sashe, wato jirage biyu masu tashi tare. Wanda aka haɗa shi da shi domin ya riƙa rufa masa baya shi ne Thomas Hudner, farar fata ɗan garin Fall River a jihar Massachusetts. Hudner ɗan masu hali ne, mahaifinsa na da jerin kantunan kayan abinci, ya yi karatu a fitacciyar makarantar Phillips da ke Andover, ya kuma fito daga Kwalejin Sojin Ruwa ta Annapolis a 1946. Ya fi Brown muƙami, amma Brown ya fi shi daɗewa a tuƙi, kuma a sararin sama ƙwarewa ake bi, don haka ɗan attajirin ne ke bin bayan ɗan manomin.

Ranar 25 ga Yunin 1950 sojojin Koriya ta Arewa suka tsallaka layi na 38 da ya raba zirin Koriya biyu, suka mamaye Kudu. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a kai wa Koriya ta Kudu ɗauki, Amurka ta jagoranci rundunar. A lokacin Leyte na tekun Bahar Rum. Aka kira shi gida, ya bi ta mashigin Panama ya ratsa tekun Pasifik, ya isa yankin yaƙi a farkon Oktoba, ya shiga ayarin jiragen ruwa da ake kira Task Force 77 a gabashin Koriya.

Da isarsu, yaƙin ya yi kamar ya zo ƙarshe. Saukar da Janar Douglas MacArthur ya yi da dakaru a Inchon ranar 15 ga Satumba ta karya lagon sojojin Arewa, kuma dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya na dannawa zuwa kogin Yalu, iyakar Koriya da ƙasar Sin. Brown ya fita aiki sau 20, yana kai hari kan hanyoyin sufuri da sansanoni da ayarin motocin soja a yankunan Wonsan da Chongjin da Songjin da Sinanju. Amma Sin ta riga ta yi gargaɗin cewa ba za ta zuba ido sojojin Amurka su iso bakin iyakarta ba, kuma ta fara tsallako da dakarunta a asirce cikin dare.

Tafkin Chosin

A daren 27 ga Nuwamba, sojojin Sin sama da 100,000 suka far wa dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya kimanin 30,000 a kewayen tafkin Chosin, mafi yawansu sojojin kundumbalar Amurka na runduna ta ɗaya a ƙarƙashin Manjo Janar Oliver Smith. Hanya ɗaya ce tak ta fita, siririya mai ratsa duwatsu, mai tsawon kusan kilomita 125 zuwa tashar ruwa ta Hungnam. Sanyi ya kai ma'aunin 30 ƙasa da sifiri, bindigogi na daskarewa, yatsun sojoji na mutuwa. Abin da ya hana a murƙushe su shi ne jiragen sama, waɗanda ke sauka ƙasa-ƙasa suna buɗe wuta kan tsaunukan da ke gefen hanya. Matuƙan Leyte na cikin masu wannan aiki kullum, kuma tashi ƙasa-ƙasa na nufin ko bindigar hannu na iya samun jirgi.

A daren 3 ga Disamba Brown ya rubuta wa matarsa wasiƙa, wadda ta zama ta ƙarshe. Washegari da ƙarfe 1:38 na rana jirage shida suka tashi daga Leyte a ƙarƙashin jagorancin Laftanar Kwamanda Dick Cevoli, suka yi tafiyar kusan kilomita 160 zuwa yankin Yudam-ni da Hagaru-ri. Suka sauko zuwa kimanin mita 210 daga ƙasa suna neman maɓoyar abokan gaba. Da misalin ƙarfe 2:40 wani matuƙi mai suna Bill Koenig ya hango mai na zuba daga jirgin Brown. Ana kyautata zaton harsashin sojojin Sin da ke kwance cikin dusar ƙanƙara ne ya fasa bututun man. Injin ya fara mutuwa, kuma jirgin ya yi ƙasa da yawa, babu halin dirowa da laima.

Brown ya zubar da tankin mai na waje da rokokin da yake ɗauke da su, ya nufi wani ɗan fili a gefen tsauni, kimanin kilomita 24 a bayan layin sojojin Sin. Jirgin ya daki ƙasa da ƙarfi har gangar jikinsa ta lanƙwashe daidai mazaunin matuƙi. Abokansa da ke shawagi a sama sun ɗauka ya mutu, sai suka ga ya buɗe murfin gilashin yana ɗaga musu hannu, amma bai fito ba, ga kuma hayaƙi na tashi daga injin. Ƙarfe ya danne masa ƙafa.

Cevoli ya yi sama domin ya kira jirgi mai saukar ungulu ta rediyo. Hudner ya lissafa cewa kafin ɗauki ya iso wuta na iya kaiwa ga tankin mai. Ya san cewa lalata jirgin gwamnati da gangan laifi ne da ka iya kai shi gaban kotun soja, kuma ya san sauka a wurin na iya zama ajalinsa ko ya faɗa hannun abokan gaba. Bai nemi izinin kowa ba. Ya zubar da makamansa, ya kifar da lafiyayyen jirginsa a kan ciki kusa da na Brown, ya ji rauni a baya, ya taka cikin dusar ƙanƙara ya isa wurinsa.

Ya tarar Brown ya cire hular kwano da safar hannu a ƙoƙarin kuɓutar da kansa, hannayensa sun sandare. Hudner ya sa masa hular ulu, ya naɗe masa hannu da mayafin wuya, ya riƙa ɗibar ƙanƙara da hannu yana cusawa a inda hayaƙi ke fita. Ya yi ta jan sa, abin ya gagara. Da jirgin ceto ya iso, matuƙinsa Laftanar Charles Ward ya zo da gatari da tukunyar kashe gobara, su biyun suka shafe kusan minti 45 suna saran ƙarfen jirgin ba tare da ya motsa ba. Har an kawo batun yanke ƙafar, amma hakan bai yiwu ba. Brown na suma yana farfaɗowa, kuma Hudner ya shaida daga baya cewa bai ji ya yi kuka ko ƙorafi ba. Maganarsa ta ƙarshe saƙo ne ga Daisy, cewa a gaya mata yana ƙaunarta.

Rana ta yi gora, kuma jirgin Ward ba shi da na'urorin tashi cikin duhu. Ko su tafi a lokacin, ko su uku su kwana a wurin cikin sanyin da ba a rayuwa a cikinsa. Brown ya riga ya daina motsi. Hudner ya yi masa alkawarin za su dawo, suka tashi zuwa Hagaru-ri. Ana ganin Brown ya cika jim kaɗan bayan haka saboda raunuka da tsananin sanyi.

Hudner ya roƙi a bar shi ya koma ɗauko gawar, amma kwamandan Leyte, Kyaftin Thomas Sisson, ya ƙi, saboda fargabar sojojin Sin sun yi kwanton ɓauna a wurin. Bayan 'yan kwanaki aka tura jirage suka zuba bam ɗin napalm mai cin wuta a kan jiragen biyu, domin kada gawar da kayan yaƙin su faɗa hannun abokan gaba. Matuƙan sun ga gawar na nan a mazauninta, kuma an karanta addu'a ta rediyo kafin a saki bama-baman. Su kuwa dakarun da ya mutu yana karewa sun fasa ƙawanyar, suka isa Hungnam, inda aka kwashe sojoji sama da 100,000 da fararen hula kusan adadin haka ta ruwa zuwa ranar 24 ga Disamba.

Abin da ya biyo baya

An ba Brown lambobin Distinguished Flying Cross da Purple Heart da Air Medal. Ma'aikatan Leyte sun yi karo-karo suka tara kuɗin karatun 'yarsa, wadda ba ta cika shekara biyu ba lokacin da ta zama marainiya. Shi kuwa Hudner, maimakon kotun soja, sai kwamandansa ya ba da sunansa domin lambar girma mafi daraja ta sojin Amurka, Medal of Honor. Shugaba Truman ya rataya masa ita a fadar White House ranar 13 ga Afrilun 1951, Daisy na tsaye a wurin. Mutanen garinsu sun tara masa kyautar kuɗi, ya miƙa wa Daisy domin ta yi karatu, ta kuma zama malamar makaranta. Zumunci tsakanin iyalan biyu ya ɗore har ƙarshen rayuwarsu.

Ba kowa ne ya yaba wa Hudner ba. Wasu hafsoshi sun ce ya salwantar da jirgi mai lafiya, ya jefa matuƙin ceto cikin ƙarin haɗari, kuma a ƙarshe bai ceci kowa ba. Hujjarsu tana da tushe, domin rundunar da kowa ke yin gaban kansa ba ta daɗewa. Amma hukumar da ta kafa dokar ita ce kuma ta auna lamarin ta ga cewa abin da ya yi ya cancanci girmamawa, a daidai lokacin da umarnin Truman na haɗe sojoji bai wuce shekara biyu da rabi ba, kuma mutane da yawa na shakkar ko farar fata zai sadaukar da kansa saboda baƙar fata a fagen fama. Hudner ya ce har ya mutu bai yi nadama ba.

Labarin Brown ya ja wasu zuwa hanyar da ya buɗe. Wani matashin sojan ruwa mai suna Frank Petersen ya ji labarin mutuwarsa, ya ƙudurta zama matuƙi. A 1952 ya zama baƙar fata na farko da ya tuƙa jirgin yaƙi a rundunar sojojin kundumbala, a 1979 kuma ya zama janar baƙar fata na farko a rundunar.

Ranar 18 ga Maris na 1972 aka saukar da wani jirgin ruwan yaƙi a tashar ƙera jirage ta Avondale da ke jihar Louisiana, aka raɗa masa suna USS Jesse L. Brown, kuma Daisy ce uwar bikin. Ya fara aiki ranar 17 ga Fabrairun 1973, Hudner na cikin masu jawabi. Bayan shekara 21 aka sallame shi daga aiki a watan Yulin 1994, aka miƙa shi ga rundunar sojin ruwan Masar, wadda ta sauya masa suna zuwa Damyat. Marubuci Theodore Taylor ya wallafa tarihin rayuwar Brown a 1998, Adam Makos ya fitar da littafin Devotion a 2015, kuma a 2022 aka mayar da shi fim mai wannan suna.

Batun gawar shi ne ya rage. An tsagaita wuta a Koriya ranar 27 ga Yulin 1953 ba tare da yarjejeniyar zaman lafiya ba, kuma wurin da jirgin ya faɗi yana can cikin Koriya ta Arewa. A watan Yulin 2013, Hudner, yana ɗan shekara 88, ya tafi Pyongyang domin cika alkawarin da ya ɗauka shekara 63 da suka gabata. Hukumomin ƙasar sun karɓe shi, amma ruwan damina ya lalata hanyoyin zuwa Chosin, ya dawo bai isa wurin ba. Daisy ta rasu a 2014. Hudner ya rasu ranar 13 ga Nuwamban 2017, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington, kuma a ƙarshen 2018 wani sabon jirgin yaƙi mai ɗauke da sunansa ya fara aiki. A watan Yulin 2018 Koriya ta Arewa ta miƙa wa Amurka akwatuna 55 na ƙasusuwan sojoji, ana kuma ci gaba da tantance su. Jesse Brown na cikin sojojin Amurka sama da 7,000 na Yaƙin Koriya da har yanzu ba a kai gawarwakinsu ga iyalansu ba.